Warin sabon kaya a ɗakunanmu ba ƙamshin arziki ba ne

Da an gama girbi, kasuwannin Gazawa da Agye da Gidan Runji sun cika da masu haɗa kayan ɗakin ƴaƴa. Uwa daga Gangara ta sayar da gyaɗa ko akuya, ta yi cinikin gado da kabad masu ƙyalli, aka jere su a ɗakin amarya aka ja ƙofa. Washegari duk wanda ya shiga sai ido ya yi yaji, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, mu ce ai warin sabon kaya ne. To, wannan wari yana da suna, kuma ya kamata mu ƴan kasuwa mu san shi, tunda ta hannunmu kayan ke shiga gidajen jama'a.

Sunansa formaldehid. Iska ce marar launi mai yajin wari, in aka narka ta cikin ruwa ita ce formol da ake adana gawa da shi a asibiti. Yawancin kayan ɗaki masu araha, garin katako ne ko siraran falle da aka matse da gam, kuma gam ɗin ne ke ta fitar da wannan iska sannu a hankali, wata da watanni. Zafi da laima suna ƙara mata ƙarfin fita. Ke nan ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, ko a tsakiyar damina, shi ne wurin da ta fi taruwa.

Ba katako kaɗai ba. Hayaƙin itace da na taba da turaren wuta duk suna ɗauke da ita. Wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna cewa maganin sauro na kunnawa guda ɗaya yana iya fitar da formaldehid daidai da karan sigari 51. Mu tuna yadda muke kunna shi, mu toshe taga, yara na barci a ciki har safe. Wasu sababbin yadudduka ma ana yi musu aiki da ita don kada su yamutse, shi ya sa mai shagon yadi da ke wuni a ƙuntataccen wuri kan yi fama da ƙaiƙayin ido da na fata.

Abin bai tsaya ga yajin ido da tari ba. A 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa formaldehid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin bayan hanci, a 2009 ta ƙara da na jini. Haɗarin ya fi yawa ga mai shaƙarta da yawa tsawon shekaru, irin su kafinta. A 2010 hukumar ta ce kada ta wuce miligiram 0.1 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki.

Amurka ta ɗanɗana. Bayan guguwar Katrina ta 2005 an zaunar da dubban iyalai cikin gidajen wucin gadi masu katakon matse, mutane suka yi ta kukan ciwon kai da numfashi, sai a 2008 hukuma ta auna ta ce a gaggauta fitar da su. Faransa kuwa tun 2012 ta wajabta manna takarda a jikin fenti da kayan gini, daga A+ zuwa C, don mai saye ya san abin da zai shaƙa. Mu a nan, da ido da hanci muke ciniki.

Haka batun yake a makarantu da ofisoshi. Bayan gobarar da ta hallaka yara fiye da 20 a ajujuwan zana a Maraɗi cikin Nuwamban 2021, kowa ya yarda a gina ajujuwa na ƙwarai. Amma in an sa sabon silin da sababbin tebura, a bar su su sha iska kafin a zuba yara, kuma a yi tagogi masu buɗuwa.

Maganin ba ya cin ko dala. Mai sayar da kayan ɗaki ya kwance su daga leda, ya ajiye a rumfa su yi kwanaki kafin ya miƙa. Uwar amarya ta yi jere da wuri, ta bar ƙofa da taga a buɗe. Sabon yadi a wanke kafin a sa wa jariri. Gidan sauro ya fi hayaƙi, girki kuma a waje. Mai ɗan hali ya nemi katakon gaske wurin kafintan garinsu, araha ba ta ado.

Kiranmu ga magadan gari da ma'aikatan lafiya shi ne su shigo kasuwa ranar da take ci su yi wa mutane bayani. Mu kuma kada riba ta sa mu ɓoye wa mai saye abin da muka sani, gobe ɗakin ƴarmu za a jere. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.