Ku bar ni in mutu sau ɗari

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin ƴan Free Fire da ƴan eFootball na cikinmu: wai wasan da ba shi da hoto mai ƙyalli ba wasa ba ne, wanda kuma za ka mutu a cikinsa ka koma tun farko azaba ce kawai. Da mu suke, mu masu buga wasannin dangin Rogue. To, ƴan uwa, ban yarda ba, kuma ba zan yi shiru ba.

Rogue ya fito a 1980, aikin ɗalibai ne kamarmu, Michael Toy da Glenn Wichman, a wata jami'ar Kalifoniya ta Amurka. Daga baya Ken Arnold ya sa hannu. Babu zane ko ɗaya a ciki. Kai ne alamar @, S maciji, B jemage. Kana sauka cikin ramin ƙarƙashin ƙasa, hawa bayan hawa, neman wata laya da ke hawa na 26. Kowane karo kwamfuta ta zana taswira sabuwa, in ka mutu kuwa ka mutu ke nan. Wasan bi da bi ne kamar dara: dodo ba ya motsi sai ka motsa. Kana iya ajiye shi ka sha shayinka, ka dawo ka same shi tsaye yana jiranka. Saboda haka in an kashe ka, ba ka da bakin cewa yatsa ya zame ko intanet ta yanke. Shawararka ce ta kashe ka.

Abin da ya fi kama ni, ni ɗalibin ilimin harshe, shi ne sha'anin suna. A NetHack, jikan Rogue da ya fito a 1987, za ka tsinci takardar tsafi an rubuta ZELGO MER a jikinta. Me take yi? Oho. A wannan karo ta ƙara wa sulkenka ƙarfi, a karo na gaba ita ce mai cinna maka wuta. Kwalaben magani ma haka: ja yau waraka, gobe makanta. Ashe darasin Saussure da muke hamma a kansa cikin aji, cewa babu wata igiya ta asali da ta ɗaure kalma da ma'anarta, ga shi nan a aikace, kuma ranka ne jingina. Dole ka yi aikin mai binciken harshe da ya sauka garin da ba tafinta. Ka kai takardar kanti ka ji farashinta, don mafi arha ita ce mai bayyana sunan kaya. Ka jefa zobe ƙasa ka ga ko karenka zai taka shi, don ba ya son taka la'anannen abu. Haddar sunaye ba ta da amfani a nan. Ƙa'ida ake koya. Wanda ya taɓa dukan shuɗin harafin e, wato ido mai shawagi, ya sandare har ƙwaro ya zo ya cinye shi, wallahi ba ya sakewa.

Yanzu ku dubi abin da ku kuke kira jin daɗi. Candy Crush na barinka ka kusa ci, sai damarka ta ƙare, sai ya ce ka biya a ƙara maka. Wasu kuma su ce kalli talla a tashe ka daga mutuwa, da megan da ka saya da kuɗin abincinka. Wannan ne tausayi? Haba! An gina wahalar ne don a sayar maka da maganinta. A dangin Rogue babu wanda zai sayar maka da rai na biyu, shi ya sa buɗe ƙofa ɗaya ke sa gabanka ya faɗi.

Na san za ku ce ai Spelunky da Hades ma danginsu ne, kuma suna da hoto. Masoya abin sun daɗe suna wannan gardama, har a 2008 suka zauna a Balin suka jera siffofin da ake gane wasannin dangin da su. Ni ban da rigima da Hades. Amma can ko ka mutu akwai ribar da ke biyo ka, jaruminka na ƙara ƙarfi. A NetHack ba abin da ke biyo ka sai abin da ya zauna cikin kanka, kuma ni wannan na fi so.

Yana cin lokaci? Ƙwarai kuwa, lokacin jarrabawa a rufe shi. Amma kar wani ya kawo mini zancen ba shi da kwamfuta. Shattered Pixel Dungeon na Evan Debenham kyauta ne a Android, ba talla, ba ya neman intanet, yana da Faransanci, tsohuwar salula ma na ɗaukarsa. Ku sauke, ku sha kwalbar farko ba tare da kun san sunanta ba, sannan ku zo fada mu yi gardamar da kyau.