Kira ga Hukuma Kan Sana'ar Rake da Mazarƙwaila a Fulatan

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, da Mai Martaba Sarkin Ƙaraye, da Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Rogo. Muna kawo kukanmu gabanku a bainar jama'a game da sana'ar da ke riƙe da gidaje da dama a Fulatan da maƙwabtanta, wato noman rake da dafa mazarƙwaila. Mutanenmu sun iya aikin, sun gaje shi kaka da kakanni. Abin da ya rage musu shi ne tsarin gudanarwa da zai sa ribar guminsu ta tsaya a hannunsu, kuma samar da wannan tsari yana cikin ikonku.

Mai Girma Gwamna, duk wanda ya tsaya a wurin dafa mazarƙwaila ya ga aiki. Inji na matse rake tun asuba, ruwan na tafasa a manyan kasake, yaro na tura busasshiyar tuƙa a murhu, wani na kwashe kumfa, har ruwan ya yi kauri a zuba shi a ƙananan kwanuka ya daskare. Amma a tambayi mai wurin nawa ya kashe a man inji, nawa ya biya masu sara da 'yan dako, nawa ne kuɗin takin da ya zuba a fadama, sai ya ce komai na cikin kansa. Da yawa suna ganin kuɗi na shigowa su ɗauka riba ce, alhali jarin ake ci. Muna roƙon gwamnati ta haɗa kai da hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN, da Makarantar Koyon Kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero, a kawo horo kan rubuta shiga da fita har cikin garinmu. A yi shi da Hausa, a boko da ajami, kuma a lokacin da aikin gona ya lafa, domin manomi ba zai bar fadamarsa ya tafi birni zaman otal ba.

Babban ciwonmu kuwa bashi ne. Tun rake bai ƙosa ba manomi ke karɓar kuɗi a hannun dillali don taki ko hidimar gida, sai kaka ta zo ya tarar an riga an yanka masa farashi. Ba mu zargin dillalai, domin su ne ke ɗaukar mutum ranar da babu mai ɗaukarsa. Sai dai wanda ba shi da zaɓi ba ya iya taya ciniki. Jama'armu kuma suna gudun kuɗin ruwa saboda addininsu, kuma suna da gaskiya. Tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki a ƙasar nan ba tare da ruwa ba, wasu kuma sun biyo bayansa. Idan gwamnati ta tsaya wa manoma a gaban irin waɗannan bankuna, za a iya ba su taki da inji a biya bayan girbi, bisa ciniki halastacce.

Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, banki ba ya sauraron mutum ɗaya mai inji ɗaya. Mutanenmu sun saba da adashi da aikin gayya, saboda haka haɗa kai ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Abin da ke korarsu shi ne zirga-zirgar rajista da cike takardu. Muna roƙon ka turo jami'in ƙungiyoyin gama-kai ya zauna a Fulatan ranakun da za a sanar, ya yi wa masu sana'ar rajista, ya koya musu zaɓen ma'aji da binciken asusu duk shekara. A sa mata a ciki, domin su ne masu alewa da sauran kayan da ake yi da mazarƙwaila.

Akwai kuma batun ajiya. Mazarƙwaila tana jan laima, da damina ta kama sai ta fara narkewa, shi ya sa kowa ke rige-rigen kai tasa kasuwa a lokaci guda farashi ya faɗi. Rumbu guda busasshe a hannun ƙungiya, inda mutum zai ajiye kayansa a ba shi rasit, zai rage wannan asara ƙwarai.

Muna kuma jan hankalin Mai Girma Gwamna zuwa ga kasuwar da ke jiranmu. Najeriya na shigo da mafi yawan ɗanyen sukarinta daga waje, musamman Brazil, ga kuma Indiya tana zuba irin wannan mazarƙwaila tamu a leda da kwali tana fitar da ita ƙasashen duniya. Tamu kuwa a buɗe ake jera ta, ƙura da ƙuda na sauka, ba suna ba lambar NAFDAC, don haka manyan kantunan Kano da Abuja ba za su karɓa ba. Cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi a Jihar Neja ita ke da alhakin bincike kan rake, kuma akwai Majalisar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa tun 1993. Muna roƙon a gayyato su ta hannun hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharmu, KNARDA, su taimaka da ingantaccen iri da ƙaramar ma'aikata mai tsabta, wadda ƙungiya za ta mallaka ta nemi lamba guda da sunanta.

Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, maganar awo taka ce. Kwanon wannan ya fi na wancan girma, nauyin dunƙule ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma wannan kan jawo gardama da rashin yarda. Umarninka ga Hakimi da dagatai da sarakunan kasuwa ya isa a tsayar da ma'auni ɗaya da sikeli a kasuwanninmu. Muna kuma roƙon fada ta kira zama tsakanin manoma da masu inji da dillalai da jami'an gwamnati kafin a shiga saran rake mai zuwa, kuma a shirye muke mu hallara duk ranar da aka sa.