Ba a ganin Kano ta bayan baƙin gilashi

1/ Jama'a, ni dai wannan yawon buɗe ido na manyan baƙi ya ishe ni. A ɗauko baƙo daga otal cikin jif mai baƙin gilashi, direba ya sha kwat, a tsaya ƙofar Gidan Rumfa minti biyar a ɗau hoto, a leƙa Gidan Makama, a koma. Wai an ga Kano.

2/ Haba! Lungunan Kasuwar Kurmi mota ba ta shigarsu. Dutsen Dala da ƙafa ake hawansa. To me ya gani?

3/ Kuɗin duk mai mota da mai otal suka kwashe. Marinan Ƙofar Mata, masu karofi tun 1498, sai dai a ɗaga musu hannu ta taga. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kuwa tana ta zubewa.

4/ Ku duba Indiya. Motar fetur ba ta matsawa kusa da Taj Mahal. Baƙo ya sauka ya taka, ko ya hau ta lantarki.

5/ Masu wannan harka, don Allah ku riƙa sauke baƙinku. Su taka, su sayi rinin Ƙofar Mata, su biya ɗan unguwa ya zagaya da su.