FILIN MATA: Kwamfutar Aljihu da Wahalar Neman Cajarta

Tun ranar da na ambata a wannan fili cewa da wata 'yar kwamfuta wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba nake rubuta muku, takardu suka yi ta zuwa. Wata uwargida daga Sharada ta ce 'yarta za ta zauna jarrabawar JAMB, amma ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Wata 'yar makaranta kuma daga Bompai ta ce an ba ta irin tawa kyauta, sai dai ba caja, ta sayi har biyu ba wadda ta yi. To, yau sai mu zauna a kan wannan magana, domin tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yarinyar da ba ta saba ba kuwa tana iya sanin amsa sarai, hannu ya ci amanarta.

Tawa dai ta hannu ce. Yayana, wanda yake aikin lantarki a wani kamfanin robobi a Sharada, shi ya sayo mini bayan na gama kwalejin horon malamai na kama koyarwa. Fuskarta inci 7 ce, tana naɗewa kamar littafi, tana shiga jakar hannu tare da alli da rajista. Irin waɗannan ƙanana ba yau aka fara su ba. A 2007 kamfanin Asus ya fito da Eee PC mai inci 7, kuma a wannan shekara aka gwada raba wa yara ƙananan kwamfutoci korra a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Dukansu biyu da Linux suke aiki. A 2017 kuma kamfanin GPD na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya fito da wadda ya kira Pocket, wato aljihu.

Mene ne Linux ɗin? Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, kamar yadda uwargida take tafiyar da gida. Wadda kuka fi sani ita ce Windows. Linux kuwa wani ɗalibi ne a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, ya sake ta kyauta, kowa ya ga dama ya ɗauka, ya gyara, ya ba wani. Kada sunan ya tsorata ku, domin duk mai riƙe da wayar Android ai a kan Linux aka gina ta. Ashe kun daɗe kuna tare ba ku gaisa ba.

Dalilin da ya sa na koma gare ta ba na ƙwarewa ba ne. A ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba sa iya ɗaukar Windows 11. Linux tana da iri-iri, wasu marasa nauyi ne ƙwarai, kamar Lubuntu da Linux Mint da Ubuntu MATE. Ita Ubuntu wani mutumin Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa ta a 2004, kalmar kuma daga harsunan can take, ma'anarta mutuntaka. Tana zuwa da LibreOffice, wanda nake rubuta shirin darasi da lissafin makin yara da shi ba tare da biyan ko kwabo ba. Akwai kuma tsarin rubutu na Hausa a ciki, in kin zaɓe shi sai ki sami ɓ da ɗ da ƙ. Ni kam wannan ya faranta mini rai, don na gaji da ganin an rubuta "kasa" mutum ya rasa ko ƙasa ake nufi ko kasa.

Amma fa kada ki bari a goge miki kwamfuta a zuba Linux kai tsaye. A sauko da ita tukuna a sa a filashi mai gigabait 8, a tada kwamfutar daga filashin. Za ta yi aiki ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba. Nan ne za ki gwada komai: tana kama intanet? Sauti yana fita? Tana nuna cikar batir daidai? In kin rufe murfin kin buɗe tana farkawa? Ranar da muka gwada tawa sai rubutun ya fito a kishingiɗe, na karkata wuya ina karantawa, ƙanwata tana ta dariya. Yaya ya ce ba lalacewa ba ce, yawancin waɗannan ƙanana gilashin kwamfutar hannu aka ara aka sa musu, shi kuwa a tsaye aka ƙera shi. Ana juya shi a wurin saitin fuska, minti biyu an gama. Sa'an nan kafin a zuba ta dindindin, ki kwashe hotunanki da takardunki ki ajiye a wani wuri.

Yanzu ga inda na sha wuya, wato caja. Tawa ta asali ta ƙone wata rana da aka maido da wuta da ƙarfi ina makaranta. Da na ga bakinta irin na waya ne, wannan mai siffar ƙwayar dabino da ake kira USB-C, sai na ce ai abin mai sauƙi ne. A hanyata ta komawa Na'ibawa na sayi wata a wurin mai talla, da araha. Na jona, 'yar fitila ta kama, na zauna ina shirya tambayoyin jarrabawar aji biyar. Ashe batir sauka yake yi ina zaune. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta mutu, rabin aikin ban adana ba. Da fitilar waya da biro na ƙarasa har asuba, na je makaranta idanu jajawur. Araha ba ta ado.

Da Yaya ya zo sai ya ce, "Ke malama ce, amma ba ki karanta abin da ke jikin kayanki?" Na ji kunya, domin gaskiya ya faɗa. Ya juya kwamfutar, ga ƙaramin rubutu a ƙasanta: 12V da 2A. Ya juya cajar da na saya: 5V da 2A. Harafin V shi ne folt, wato ƙarfin turin wuta, kamar ƙarfin ruwa a famfo. Harafin A shi ne amfa, wato yawan wutar da ke wucewa. In kin ninka su sai su ba ki W, wato wat. Kwamfutata tana son 12 sau 2, wat 24 ke nan, ni kuwa na ba ta wat 10. Tamkar a ɗora tukunyar suna a kan itace biyu. 'Yan makaranta, kun ga inda lissafin da kuke gudu yake da rana.

Cajojin USB-C na kirki suna da abin da ake rubutawa PD a jikinsu. Yadda abin yake, da an jona, caja da kwamfuta sai su yi ciniki ta cikin waya. Caja ta fara da folt 5, ta faɗi abin da take da shi, kwamfuta ta zaɓi wanda take so. Saboda haka kada ki ji tsoron caja mai wat 45 ko 65 za ta ƙona ƙaramar kwamfuta, abin da ta nema shi kaɗai za a ba ta. Sai dai akwai wani tarko. Matakan da aka tsayar su ne folt 5 da 9 da 15 da 20, shi 12 ba dole ba ne. Kina iya sayen babbar caja mai tsada, ya zamana babu 12 a cikinta, in kuwa 12 taki take so, sai ta koma ƙasa tana caji a hankali, ko ta ƙi ɗungum. Ina zaton wannan ne ya sami 'yarmu ta Bompai. Ki duba jerin lambobin da ke jikin cajar ki ga taki lambar da idonki.

Wayar cajin ma tana da nata. Wadda bakinta ɗaya faffaɗa ne irin na da, ɗayan kuma USB-C, ba a yin wannan ciniki ta cikinta, sai mai USB-C a duka ɓangarorin. Ta yau da kullum tana ɗaukar amfa 3, wato har wat 60, wannan ya ishi kwamfutar aljihu. In kuwa taki tsohuwa ce mai caja mai zagayayyen baki, to, a nan ba ciniki ba sulhu. Folt dole ya zama daidai da wanda aka rubuta, amfa ya kai ko ya wuce, bakin ya zauna daram, alamar tarawa da ɗebewa kuma ta yi daidai. Wanda ya jona folt 19 a inda ake son 12 ya gama da ita.

Da za ki saya, a kasuwar waya ta Farm Centre ko ta titin Beirut, ki tafi da kwamfutar a jaka, ko ki ba maigida ko ɗan'uwa ya tafi da ita. A jona a gabanku, a bar ta tana aiki minti goma, a ga lambar batir tana hawa, a taɓa cajar a ji ko ta yi zafin da ya wuce misali. Ki nemi mai ƙafa uku irin ta Ingila, ita ce ke zama a soket ɗinmu ba tare da an cusa tsinke ba. Wannan al'ada ta cusa tsinke ko almakashi a soket, don Allah mu bar ta, yara suna kallonmu. Abin yana ƙara sauƙi ma, domin ƙasashen Turai sun kafa doka tun Disamba 2024 cewa sababbin wayoyi su zo da USB-C, shi ya sa irin cajar ta cika kasuwa.

Sauran kaya ba su da yawan rigima. Linzami da allon rubutu da filashi kusan duk suna aiki da Linux da zarar an jona. Masu gardama su ne firinta da ɗan abin kama intanet da ake soka wa, su ma a gwada kafin a biya, kada a yarda da "ai yana yi". Fawa banki kuma sai mai PD, wanda ke ba da folt ɗin da taki take so. In an ɗauke wuta ki zare caja daga bango, kada ki mayar sai wutar ta dawo ta zauna. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, balle a zafin bazararmu ta Kano, in kuma kika ga cikinta ya kumbura, batir ne, a daina jonawa a kai wa mai gyara.

Ke kuwa uwargida ta Sharada, ba zan ce ki matsa wa maigida ya sayi ta aljihu ba. Maɓallanta ƙanana ne, ba irin waɗanda 'yarki za ta tarar a ɗakin jarrabawa ba, kuma ta fi tsohuwar kwamfutar cinya tsada. Tsohuwa mai lafiya, a sa mata linzami, ta ishe ta koyon rubutu da zaɓen amsa. Ku tambaya kuma tun da wuri, domin da yawa daga manhajojin gwajin JAMB don Windows ko waya aka yi su, in irin su za ta yi aiki da su, kada a goge Windows ɗin sai bayan jarrabawa. 'Yarmu ta Bompai, ki juya taki ki kwafo mini lambobin da ke ƙasanta da na cajojin nan biyu, ki aiko ta hannun Edita, zan ba ki amsa a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.