Hular Bama da Farashin Yunwa

Bismillahi. Zuwa ga 'yan'uwa masu sarin hula da dillalai.

Ina da magana a kan hular Bama, kuma da mu nake. Kowa ya san a shekarar 2014 garin Bama ya faɗa hannun Boko Haram, mutane suka watse. Wasu suka yi Maiduguri, wasu suka ƙetare iyaka, waɗansu Minawao a Kamaru, waɗansu Diffa a Nijar. An bar gona, an bar shanu, amma allura da zare sun bi mata duk inda suka sauka. Hula ta ci gaba da shigowa Kurmi kamar ba abin da ya faru.

To, a nawa muke sayenta? Nan ne maganar take.

Hula mai kyau, mai ɗinki a matse, mace takan kwashe mako biyu ko uku tana duƙe a kanta, wata ma har wata guda. Kafin ita akwai mai zane, bayanta akwai mai wanki da guga. Duk waɗannan a cikin hula ɗaya za su ci. Amma sai ka ga ɗayanmu ya je ya tarar da mace da 'ya'ya biyar, ba a ɗora tukunya ba tun safe, ya taya abin da ko kuɗin zare bai rufe ba. Ya san ba za ta iya cewa albarka ba. Ta sallama, ya kawo Kano ya ninka. Wannan ba iya ciniki ba ne, Alhaji, yunwarta ka saya.

Wani zai ce kasuwa ba sadaka ba ce. Haka ne, ni ma ba sadaka nake nema musu ba. Lissafi nake yi. Mace in ta ga mako uku bai kawo mata awon masara ba, za ta sassauta ɗinki, ta sa zare mai zuba, ta gama a kwana biyar. 'Yarta kuma ba za ta koya ba. Ran da hannu ya ƙare sai mu koma sayar da ta inji, wadda kowane shago ke da ita, ribarta kuwa kun sani.

Mu tuna kuma Agalawa da Kambarin Barebari baƙi ne da fari, da su fataucin ƙasar nan ya yi ƙarfi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mai jari ya kai zare da yadi mai kyau, ya yanka kuɗin aiki tun kafin a sa allura, ya ba da kafin alƙalami. Dillali ya faɗi la'adarsa a fili, ban da ƙari a ɓoye. In an kawo kaya a biya nan take, kada a ce wa mai gudun hijira ta dawo bayan Salla, ita da ba ta san inda za ta kwana a watan gobe ba.

Haza wassalam.