Toshe bawul ɗin EGR a motocin kat-kat: injin ya huta, wa ke shaƙar hayaƙin?

Daga garejojin Yamai da Maraɗi zuwa na Garwa, Njamena da Suame Magazin a Kumasi, akwai wani ɗan aiki da ya zama ruwan dare ga masu motoci kat-kat masu turbo da ke shan gazuwal. Mota ta fara nauyi a hawa, tana tuƙa baƙin hayaƙi, fitilar injin ta kunna, sai makaniki ya ce a toshe EGR a huta. Ana yanko ɗan faifan ƙarfe a saƙala tsakanin bututu da bawul, ko a zare tiyon da ke buɗe shi, ko a shiga kwamfutar motar a kashe shi. Aikin ba ya cin yini, kuɗinsa ba ya kai na sabon bawul, kuma sau da yawa mai mota na tafiya yana sa albarka.

Sai dai matsalar da faifan ya kawar daga injin ba ɓacewa take yi ba. Komawa take kan masu shaƙar iskar titi. Kuma asalinta yana can nesa da gareji: a irin gazuwal ɗin da ake sayar mana, da irin motocin da ake bari su shigo.

Mene ne aikin wannan bawul?

Injin gazuwal yana ƙona mai cikin iska mai yawa da zafi mai tsanani. A irin wannan zafi, iskar naitirojin da ta oksijin suna haɗuwa su haifar da gurɓatattun iskoki da ake kira NOx. Don rage su ne masu ƙera motoci suka sa bawul ɗin EGR, wanda makanikan ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira "ban EGR". Aikinsa shi ne ɗebo wani kaso na hayaƙin da ke hanyar salansa ya mayar da shi cikin injin. Hayaƙin ya riga ya ƙone, oksijin ɗinsa kaɗan ne, don haka yana rage zafin wutar, NOx ma sai ta ragu.

Dokokin Turai ne suka sa bawul ɗin ya bazu. A ƙananan motocin gazuwal, ƙa'idar Euro 3 ta 2000 ta yarda da giram 0.50 na NOx a kowace kilomita. Euro 4 ta 2005 ta rage zuwa 0.25, Euro 5 ta 2009 zuwa 0.18, Euro 6 ta 2014 kuma zuwa 0.08. Shi ya sa Hilux D-4D, Prado, Pajero, L200 ko Navara da aka ƙera don kasuwar Turai suke zuwa da shi, galibi tare da na'urar sanyaya hayaƙin. Na baya-bayan nan kuma har da matatar toka ta salansa, wato FAP.

Me ya sa yake yawan ciwo a nan?

Hayaƙin da ake mayarwa yana ɗauke da toka. A hanyar shigar iska yakan haɗu da tururin baƙin mai da ke fitowa daga cikin injin, su zama wani danƙo kamar kwalta. Danƙon yana manne wa bawul da bututu har hanyar iska ta ƙuntace. Idan bawul ya maƙale a buɗe, injin yakan rasa iska mai kyau, ƙarfi ya faɗi, hayaƙi ya yi baƙi.

Wannan ciwo har a Turai ana fama da shi, amma yanayinmu yana gaggauta shi. Ƙurar hunturu tana cika matatar iska. Mota kan daɗe a kunne a tsaye don na'urar sanyi, ko tana jan jiki a cunkoson kasuwa, kuma a irin wannan tafiya ne bawul ɗin ya fi aiki. Motocin suna isowa da tsofaffin allurai masu fesa mai. Ga gazuwal na bakin hanya da wani lokaci ake surka shi da kananzir ko yake ɗauke da ruwa. Uwa-uba akwai sinadarin sulfa, wato farar wuta, da ke cikin man. Idan ya ƙone yana ƙara toka, idan ya haɗu da danshi a na'urar sanyaya hayaƙi ya zama asid mai cin ƙarfe, yana kuma lalata baƙin mai da matatar FAP da wuri.

Tun 2009 Turai ba ta yarda sulfa ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba a man motoci. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da sakamakon gwajin man da ta saya a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, inda ta samu gazuwal mai sulfa har ninki 378 na abin da Turai ta halatta. Injin da aka tsara don kashi 10, aka shayar da shi mai kashi dubbai, ba abin mamaki ba ne idan ya shaƙe. Makanikin da ya ɗauko faifai yana neman mafita ne daga matsalar da ba shi ya haddasa ta ba.

Abin da ake samu da abin da ake rasawa

Gaskiya ne toshewar tana hana sabuwar toka shiga bututun iska, kuma baƙin mai yakan ɗan daɗe bai yi dauɗa ba. Amma batun ƙarin ƙarfi da ake yawan faɗa yana buƙatar gyara. A yawancin injinan nan bawul ɗin da kansa yake rufewa idan direba ya take totur sosai. Ƙarfin da mai mota ke ji bayan toshewa shi ne wanda danƙo ko maƙalallen bawul ya ƙwace masa, kuma wankewa ma za ta iya dawo da shi.

A sababbin injina kuma ana iya yin maganin ƙaba kai ya kumbura. Kwamfutar motar tana auna iskar da ke shiga. Idan ta ga lissafin bai yi daidai da buɗewar bawul ba, sai ta kunna fitila, wani lokaci ta rage wa injin ƙarfi don kare shi. An daidaita turbo da fesa mai ne bisa zaton bawul na aiki, don haka cire shi ba tare da sanin makama ba yana iya sauya matsin iska da zafin cikin injin. Wasu masu gyara sukan goge lambar gargaɗin gaba ɗaya daga kwamfuta, wanda ke nufin ranar da wata matsala ta taso a wannan sashe, motar ba za ta yi magana ba.

Babbar asarar ita ce wadda ido ba ya gani. Toshe bawul yakan ɗan rage baƙin hayaƙi, sai a ɗauka motar ta ƙara tsabta, alhali NOx ta ƙaru sosai. Wannan iska tana harzuƙa hanyoyin numfashi, tana tayar da asma, kuma a zafin rana tana taimakawa wajen samar da wata gurɓatacciyar iskar, ozon. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sauko da matsakaicin adadin NO2 na shekara da take ba da shawara daga maikurogiram 40 zuwa 10 a kowace mita kubik ta iska. Tun a Yunin 2012 kuma cibiyarta ta binciken kansa da ke Liyon ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu. Mai kat-kat yana ciki gilashi a rufe. Mai tuyar ƙosai a bakin titi, ɗan kabu-kabu da ke bayansa, ɗalibai masu tsallaka hanya da yaron gareji da ke tsugune kusa da salansa, su ne ke shaƙa.

Ba makaniki ne ya fara wannan dabara ba

A Satumban 2015 hukumar muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa manhaja mai gane lokacin gwaji, ta rage NOx a ɗakin gwaji, a kan titi kuma ta saki har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. A Yulin 2022 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci kan wata manhajar da ke barin EGR ya yi cikakken aiki kawai idan zafin gari yana tsakanin digiri 15 da 33, ta ce kare bawul daga lalacewa bai isa hujja ba. A Faransa kuwa, cire na'urar rage gurɓatar hayaƙi daga mota laifi ne mai tarar Yuro 7,500.

Can akwai doka da mai bin ta. Motocin da suka gaji a can kuma nan suke nufowa, ta Kwatano, Lome, Tema da Duwala. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 2020 ya nuna cewa Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Binciken da hukumomin Holan suka yi kan motocin da ke barin tashoshinsu zuwa Afirka ya gano yawancinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma ba su kai matakin Euro 4 ba.

Doka ɗaya, iyakoki da yawa

A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen CEDEAO sun amince a Wagadugu cewa daga Janairun 2021 man da ake shigowa da shi kada ya wuce sulfa kashi 50 cikin miliyan, motocin da ake shigowa da su kuma su kai Euro 4, aka ba matatun cikin gida ƙarin lokaci su gyara. Ghana ta riga ta koma kashi 50 tun 2017. Holan ma daga 2023 ta hana fitar da man mota mai sulfa sama da wannan adadi daga tashoshinta.

Amma direban da ke yawo tsakanin ƙasashenmu ba a ƙarƙashin doka ɗaya yake tafiya ba. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Kamaru da Chadi dama a CEMAC suke. Nijar na da matatar SORAZ a Damagaram, Chadi na da ta Jarmaya, dukansu tun 2011, yayin da Kamaru ta dogara da man waje tun gobarar da ta tashi a matatar SONARA ta Limbe a Mayun 2019. Mota guda za ta iya shan mai kala uku a tafiya ɗaya. Binciken lafiyar mota na "bizit teknik" kuwa, inda ake auna hayaƙi ma, duhunsa ake aunawa ba NOx ba, don haka motar da aka toshe tana iya wucewa salin-alin.

Ina mafita?

Farautar makanikai ba za ta kai ko'ina ba muddin famfon gidan mai bai sauya ba. Abin da ya rataya a wuyan hukumomi shi ne su riƙa gwada man da ke gidajen mai suna bayyana sakamakon ga jama'a, su daidaita adadin sulfa tsakanin CEDEAO, AES da CEMAC ko da siyasa ta raba su, sannan duwan ta duba ko na'urorin hayaƙi na nan a jikin mota kafin ta shigo. Cibiyoyin koyon sana'a kuma su koya wa matasa wanke EGR da karanta kwamfutar mota, domin wanda bai iya gyara ba toshewa zai yi.

Shi ma mai mota yana da nasa rabo. Kafin faifai, a kwance bawul da bututun iska a wanke, a gwada allurai, a sauya matatar iska da ta gazuwal a kan kari, a yi bidanji kafin lokacin da littafin Turai ya faɗa. Ana iya ɗaura ɗan gwangwanin da ke tare tururin mai kafin ya isa bututun iska, wanda ke rage danƙon ba tare da taɓa bawul ba. A rage barin mota a kunne a tsaye. Wanda kuma aikinsa na daji ne, inda mai mai kyau ke wuyar samu, ya yi tunani tun wajen saye: akwai dalilin da ya sa Land Cruiser mai injin 1HZ, mai lita 4.2 marar turbo, ta daɗe tana riƙe da hanyoyin Agadas da arewacin Chadi.

A ƙarshe, duk wanda makaniki ya ce masa "Alhaji, a toshe kawai", ya dace ya tambaya ko an gwada wankewa tukuna. Kuɗin wankin nasa ne, amma iskar unguwa ta kowa ce, har da ƴaƴansa.