Gwangwanin Madara Ba Ya Wanke Huhun Mai Walda

Wai wa ya fara yaɗa ƙaryar nan cewa madara tana wanke hayaƙin walda? Ka shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kowane shagon bakin titi da ake haɗa ƙofofi da tagogi, za ka ji oga yana ce wa yaronsa in an tashi ya sayi madara ya kora. Madara ciki take tafiya, hayaƙi kuwa huhu ya nufa. Ina suka haɗu?

Abin da ke tashi daga bakin sandar walda ƙarfe ne da wuta ta mayar tururi, ya huce a iska ya koma ƙura mai laushin da yawancinta ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Gashin hanci ba ya iya tare ta. Can ƙuryar huhu take sauka, inda iska ke ratsawa cikin jini. Jiki ya ga baƙo, sai ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe shi, alhali ƙarfe ba ƙwayar cuta ba ne balle a kashe shi. Faɗan ya ƙi ƙarewa, hanyoyin numfashi su kumbura, gobe kuma a ƙara shaƙar wani. Daga nan tarin da ba ya jin magani yake farawa, da asma, da saurin kamuwa da nimoniya. Masu bincike sun auna jinin masu walda bayan aikin yini, sun tarar alamun kumburin sun hau har a cikin jinin.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne zazzaɓin farin bututu. Bututun ruwa da kwano ana shafe su da tutiya don kada su yi tsatsa. Yaro ya wuni yana ƙona su, bayan wasu sa'o'i jiki ya ɗauki rawar ɗari, gaɓoɓi su yi tsami, baki ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Sai a ce maleriya ce, a ruga kemis. Kwana ɗaya ko biyu zazzaɓin ya sauka da kansa, a yaba wa magani, yaro ya koma kan bututun da ya kwantar da shi.

Duniya ba ta tsaya jiranmu ba. A 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, na huhu musamman. A 2019 Birtaniya ta tsaurara aiwatar da doka, ta ce ko a fili ake walda dole a kare numfashin ma'aikaci. Ga kuma sinadarin manganis da ke cikin sandar, wanda in ya taru yake taɓa ƙwaƙwalwa har hannu ya soma karkarwa.

Mu fa? Muna da Dokar Masana'antu tun 1987, da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Don Allah wane mai walda na bakin titi ya taɓa ganin jami'in duba lafiyar wurin aiki a ƙofar shagonsa? Masu karɓar haraji dai ba sa ɓatan hanya.

Amma kada ogogi su fake da gwamnati. Kai oga, ka rufe fuskarka da gilashi saboda ciwon ido a daren yake kama ka, ciwon huhu kuwa sai ya yi shekaru. Yaron da ke riƙe maka ƙarfe, ɗan shekara goma sha wani abu, kansa na tsakiyar hayaƙin, ko ƙyalle babu a hancinsa. Amana iyayensa suka ba ka, sana'a suka ce ka koya masa. Mu ma masu kawo aiki da laifinmu, muna taya ƙofa kamar a ba mu kyauta, sannan mu yi mamakin rashin kayan kariya.

Malam mai walda, takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare wannan ƙura, mai matata ake nema. Ka kankare fenti da shafen tutiya kafin ka sa wuta, ka tsaya ta inda iska ke kore hayaƙin daga fuskarka, kada ka tura yaro cikin tanki ba hanyar iska. In tari ya ƙi tafiya ka je asibiti, kuma tun kafin likita ya ɗauki biro ka gaya masa walda kake yi.